Mai Yankan Nama Shi Ke Ɗauka a Ƙarshe

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a nan Riyad. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa, don ni a raina kamar makon jiya ne ya tsaya a kaina yana girgiza kai saboda na kasa faɗa masa yawan jihohin Amurka. Tica muke ce masa. Shi Bazazzagi, ni Bakano, saboda haka tun ranar da muka haɗu a wani shagon shayi a unguwar Ulaisha har ranar da aka kwantar da shi asibiti ba mu taɓa gama gaisuwa ba tare da ɗayanmu ya tsokani ɗan'uwansa ba.

Kowace shekara in wannan wata ya kama nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na ɗauki alƙalami, don ina da ƙara. Watan jiya mamacin nan ya kayar da ni a zaɓe. Mutum yana cikin kabari shekara bakwai, ya miƙo hannu ya kwaɓe mini hula a gaban jama'a, mata da maza. In ban faɗa wa duniya ba, cikina zai fashe.

Kafin ya zo ƙasar nan Tica malamin sakandare ne a Zariya, darasin Gwamnati yake koyarwa. Neman abinci ya kawo shi wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ya shekara kusan ashirin yana kula da kwalayen tayil. Bai taɓa taka Amurka ba, ko filin jirginta bai gani ba sai a talabijin. Amma tsarin mulkinta ya san shi kamar yunwar cikinsa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara daga taron da suka zauna suka rubuta kundinsu, kafin ya iso kan agogo an kira la'asar. Da idona na ga direban tasi ya yafe masa kuɗin mota don dai ya sauka.

Mu Hausawan da ke nan muna da wata al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mukan taru mu ci abinci tare. Da farko mu goma sha biyu ne a wani ɗaki a Ulaisha. Yanzu mun haura sittin da iyalai, sai mun kama istiraha a bayan gari, irin gidajen shaƙatawar nan masu katanga da ake bayarwa haya, ɓangaren maza daban na mata daban. Akwai direbobi, da akawu irina, da ma'aikatan sito, da ɗaliban jami'a masu gyara mana Larabci muna tsaka da cin abinci. A tsakiyar kowace Juma'a akwai rago guda, da wuƙa guda.

A shekarun farko wani dattijo ne yake yanka naman. Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba. Shi zai yanka, shi zai fara ɗauka, shi zai tura wa mutanensa cinya da gefen wuƙa kamar ba da gangan ba. Juma'a uku a jere Ilu, wani direba Badamagare, yana tashi da ƙashin da ko kare zai mayar wa mai shi. A ta ukun ya ɗaga ƙashin ya duba shi ta hasken taga, ya ajiye, ya wanke hannu ya fita. Damagarawa huɗu suka bi shi. Wanda bai yi zaman ƙasar wani ba zai ce a kan nama ne manyan mutane suka ɓata. Nama ne, amma ba nama ba ne. Mutumin da ya yi kwana shida ba wanda ya kira shi da sunansa, in ya zauna cikin 'yan'uwansa ranar Juma'a, yankan da aka ajiye a gabansa shi ne ma'aunin da yake gane ko ana lissafi da shi.

Tica ne ya bi su har masaukinsu ya dawo da su. Juma'ar da ta biyo baya, kafin a sa wuƙa, ya ɗaga hannu ya ce yana da shawara guda ɗaya, kuma gajera. Muka dubi juna, don ba mu taɓa jin gajeriyar magana daga bakinsa ba. Ya ce dattijo ya ci gaba da yanka, ba wanda ya fi shi iyawa, amma daga yau mai yanka shi ne na ƙarshen ɗauka.

Ranar na ga aikin tiyata. Dattijon nan ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau, ya dinga auna tsoka da tsoka, yana rage nan yana ƙara can. Da an kawo sikelin masu sayar da zinariya na kasuwar Batha da ba zai sami bambanci ba. Da aka gama ci, Tica ya jingina da bango ya ce, "Kun ga abin da ya faru? Halin Baba bai canja ba, yana son nama kamar makon jiya. Mun dai ɗauki son naman mun naɗa shi mai gadinmu. To wannan ita ce gwamnatin Amurka gaba ɗayanta. Sauran duk sharhi ne."

Sharhin ya ci mana shekara takwas.

Abin da yake nanatawa shi ne, mutanen da suka tsara mulkin ƙasar can ba su yarda da kowa ba, har da kansu. Sun fito daga hannun sarki, ba sa son su sake faɗawa hannun wani ko da ɗan gida ne. Sai suka raba iko gida uku. Majalisa ke yin doka, amma ba ita ke aiwatarwa ba. Shugaba ke aiwatarwa, amma ba shi ke yin ta ba. Kotu ke faɗin abin da dokar take nufi in an yi saɓani, amma ba ta da soja ko ɗaya. Kuma kowanne an ba shi igiyar da zai riƙe ɗan'uwansa. Shugaba na iya ƙin sa hannu a doka, majalisa na iya tsallake shi in ta tara kashi biyu cikin uku. Shi ke zaɓo manyan alƙalai, amma sai majalisar dattawa ta amince. In ya yi ɓarna majalisa na iya tsige shi. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Tica ya ce su can sun duba sun ga kowa kura ne in ya sami dama, sai suka ba kuraye uku ajiyar, kowace tana gadin bakin 'yar'uwarta.

Ya sayo littafin rubutu mai koren bango, irin na 'yan makaranta, ya rubuta mana namu. A shafin farko, da manyan baƙaƙe, ya rubuta cewa mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa, iyakar mulkinmu bakin tire. Daga nan ya shiga. Majalisa ke yanke abin da za a dafa da wanda za a je dubawa asibiti da yadda za a tarbi sabon zuwa. Shugaba ke kama istiraha, ya sa a sayo rago, ya riƙe wuƙa. Dattawa uku su ne kotu, kuma kamar manyan alƙalan can ba mai cire su don ya ji haushin hukuncinsu. Suna nan har sai rai ya yi halinsa ko kafili, ubangidan da ya tsaya musu a ƙasar nan, ya buga musu bizar fita ta ƙarshe.

Wurin majalisa aka yi gumurzu. Mu Kanawa mun fi kowa yawa, kamar ko'ina a duniya, don na tabbata in aka je duniyar wata za a tarar da Bakano ya riga ya buɗe shago. Muka ce a bi yawan hannu. Damagarawa da Maraɗawa suka ce in haka ne har tashin ƙiyama tuwon shinkafa za a ci, dambunsu ba zai ga tukunya ba. Tica ya yi ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce wannan gardamar ita ce ta kusa wargaza taron su can, tsakanin manyan jihohi da ƙanana, kuma maganin da suka samu shi ne majalisa biyu. Ta wakilai a bi yawan jama'a, jiha mai mutane da yawa ta sami kujeru da yawa. Ta dattawa kowace jiha kujera biyu, babba ce ko ƙarama. Doka ba ta zama doka sai ta ratsa duka biyun. Haka muka yi. Babbar majalisa kowa da kowa, a kaɗa ƙuri'a da ƙwallon dabino a kwano biyu. Ƙarama kuwa mutum goma sha biyu, bibbiyu daga Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato, Damagaram da Maraɗi, su kuma hannu suke ɗagawa, don Tica ya ce wanda aka wakilta yana da haƙƙin ya ga fuskar wakilinsa lokacin da yake yanke hukunci.

Ba a yi wata biyu ba tsarin ya cije. Babbar majalisa ta ce tuwo, ƙarama ta ce dambu, kowa ya kafe. Juma'a ta zo ba doka, ba doka ba girki. Mutum arba'in muka zauna muka ci burodi da shayi, kowa yana harar kowa. Na duba na ga Tica yana tsoma burodi fuskarsa kamar gonar auduga. Na ce, "Bazazzagi, ka kashe mu da yunwa kana dariya?" Ya ce, "Tanko, a can ma in majalisa ta kasa daidaitawa kan kasafi, ofisoshin gwamnati rufewa suke yi. Ka ga wani ya fita yau?" Na duba. Ba wanda ya fita. Makon da ya biyo aka daidaita, Juma'a uku tuwo ko kabsa, dafa-dukar Larabawa, ta huɗu dambu da zogale, kuma har yau haka ake yi. Ni da na rantse ba zan ci abincin da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro ba, yanzu ranar dambu ni ke fara zuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka Tica mai yi wa Amurka kirari ne. Yakan ce mutanen da suka rubuta kalmomin 'yanci masu daɗin ji, da yawansu suna da bayi a gonakinsu lokacin da suke rubutun, kuma matansu ba su sami ƙuri'a ba sai bayan fiye da shekara ɗari. Abin da ya yaba musu shi ne sun bar ƙofar gyara, ƙofa mai nauyi, ba a tura ta da hannu ɗaya. Tsarinsu na zaɓen shugaba ta hannun wakilan jihohi, wanda kan sa wani lokaci mai ƙarancin ƙuri'un jama'a ya ci, shi kam ya ƙi kwafo mana. Ya ce abin da masu shi ke gardama a kansa har yau, ba zai ɗora wa masu cin kabsa ba.

Sai dai laifi tudu ne. Duk wannan lacca a kan matan Amurka, malamin namu ya rubuta shafi goma sha ɗaya bai ambaci matan da ke bayan katanga suna dafa abincin da muke kafa wa doka ba. Wata Juma'a aka turo mana tire a rufe. Muka buɗe, ɗanyar shinkafa ce a wanke, da albasa guda a tsakiya. Tica ya daɗe yana kallonta. Ban taɓa ganin kunya ta kama mutum haka ba, har kunnuwansa sai da suka nuna. Ya tashi ya je bakin ƙofarsu ya yi sallama ya ba da haƙuri. Wannan shi ne gyaranmu na farko, kuma ya ratsa majalisu biyun cikin abin da bai kai minti biyar ba, don yunwa ba ta san dogon muhawara ba. Tun daga ranar mata suke da ƙuri'a, suke da kujeru.

Shi muka zaɓa shugaba na farko. Wa'adi shekara huɗu, sau biyu, kamar can. Da takwas ɗin suka cika ba wanda ya so ya sauka, ni ne ma kan gaba wajen roƙo. Na ce littafin nan fa shi ya rubuta, ya ɗauki biro ya soke layi ɗaya, wa zai hana shi? Ya ce shugabansu na farko a can ba wata doka da ta tilasta masa sauka, ya yi zango biyu ya koma gonarsa, aka daɗe ana bin sawunsa a matsayin al'ada kafin daga baya a sa abin a kundi. Ya ce, "Tsarin nan ba don mugaye kawai aka yi shi ba. Mugu kowa na ganinsa. An yi shi ne don ranar da mutumin kirki zai ji daɗin kujera." Na ce masa wannan tsoro ne irin na Zagezagi, ya ba ni wuƙar ya ga yadda ake mulki. Jama'a suka yi dariya, suka kuma zaɓe ni, wataƙila don su ga ƙarshen bakina.

Shekara guda bayan nan ciwon zuciya ya kwantar da shi, kwana tara, ya tafi. Iyalinsa suka koma Zariya. Littafin mai koren bango ya rage a hannunmu.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Titunan da ya yi ta tsine wa saboda haƙe-haƙe, yanzu jirgin ƙasa ke bi ta samansu da ƙarƙashinsu, daga Ulaisha zuwa Ulaya kafin ka gama karanta saƙonnin waya. Na tabbata da ya shiga sau ɗaya za a nemi a ware masa tarago shi kaɗai, don fasinjoji su huta. Yaranmu da ya riƙa ɗorawa a cinya sun zama samari da 'yanmata, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Amurkar tasa kuwa, duk wanda ya kunna labarai ya san hayaniyar da ake. Shugaba na ja da kotu, majalisa na ja da shugaba, jihohi na kai gwamnatin tarayya ƙara, jama'a sun rabu biyu kowa na ganin ɗan'uwansa zai rusa ƙasa. A zaurenmu na waya kullum sai wani ya rubuta cewa da Tica na nan da ya ga tsarinsa ya ruɓe. Ni ban san gaibu ba, kuma ba zan ce komai lafiya ba. Amma na san mutumin. Zai ce hayaniya ba ta tsorata shi, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Abin da zai tambaya shi ne, in kotu ta yi hukunci ana bi? In wa'adi ya cika ana sauka? Wanda ya faɗi yana dawowa wurin tire mako mai zuwa? In amsar ta fara zama a'a, to nan ne zai cire tabarau. Yakan ce takarda ba ta riƙe kowa, mutanen da suka yarda takardar ta riƙe su su ne tsarin.

To ga inda ƙarata take. Bana zangona na biyu ya cika, sai na tarar ba na son sauka.

Zan faɗi gaskiya tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni akawu ne a hawa na goma sha huɗu a wani dogon gini a Ulaya. Shekara ashirin da biyu ina jera takardu. Mudir ɗinmu, wato manajanmu, mutumin kirki ne, amma duk wani baƙar fata a ginin "ya Muhammad" yake ce masa, ni da mai shara da mai gadin ƙofa. Shekaruna hamsin da huɗu, gwiwa ta fara kuka, kuma duk lokacin sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai gabana ya faɗi. Amma ranar Juma'a in na shigo istiraha ana miƙewa. A ce Shugaba ya iso. In wani ya kwanta asibiti ni ake fara kira. In sabon zuwa ya rasa inda zai sa kansa, lambata ake ba shi. Kwana shida ni Muhammad ne na kowa, rana ɗaya ni Tanko ne. Wannan ranar ce aka ce in miƙa wa wani.

Ba a mugun sarki sai mugun bafade, in ji Hausawa, ni kuwa fadawana ba su sha wahala ba, don ƙofar a buɗe suka same ta. Suka ce ta-zarce. Da farko muka bi ta kotu. Muka ce shekarar annoba ba a taru ba, saboda haka zangon farko bai cika ba, a cire shi daga lissafi. Dattawan nan uku suka saurare mu har ƙarshe, suka sha shayin da na kawo musu, sannan babbansu ya ce littafi shekara ya ambata, bai ambaci tire ba, kuma ko a shekarar annoba wata bai daina tsayawa ba. Aka kori ƙara.

Sai ƙofar gyara, wadda ke buƙatar kashi biyu cikin uku a kowace majalisa. Na shiga kamfe. Kilishin da na sa aka kawo mini daga Kano, da an shimfiɗa shi zai rufe titin Makka daga nan har Ɗa'if. Na ziyarci mutanen da rabona da gidajensu tun suna na ɗan fari. Na yabi dambu a bainar jama'a. A babbar majalisa ƙwallayen dabino suka cika kwanona har suna zuba. Maiɗakina, Maman Hafsa, ita ma ni ta jefa wa, ta ce gara in yi shugabancin a istiraha da in dawo in yi shi a kicin ɗinta. Saura ƙarama. Mutum goma sha biyu, ina buƙatar takwas, kuma na ƙirga takwas har sau goma, biyun Kano ma ban ɓata yawu a kansu ba.

Aka ce masu goyon bayan gyara su ɗaga hannu. Na ƙirga bakwai. Na sake ƙirgawa, bakwai. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har na iso kan Sale, wakilin Kano, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ƙanin matata uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ni na tarbo shi a filin jirgi ranar da ya fara zuwa ƙasar nan. Hannuwansa biyu na kan gwiwarsa, yana kallon tabarma.

Ban yi masa magana ba sai a wajen ajiye motoci. Na ce, "Sale, me na yi maka?" Ya ce, "Wallahi Yaya ba ka yi komai ba. Da ka yi laifi ai akwai shafin tsigewa, da tuni mun buɗe shi." Na ce to? Ya ce, "Don ba ka yi ɗin ba ne. In muka buɗe maka ƙofar nan saboda kana da kirki, ranar da marar kirki ya zo da wane baki za mu rufe ta?" Sannan ya ƙara da cewa, "Kilishin dai ya yi daɗi."

Kwana uku ban amsa sallamarsa a waya ba. An ce wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulaƙanci zai sauka, ni kuwa har da jakata na sauka. A rana ta huɗu ina cikin jirgin ƙasa zuwa aiki sai dariya ta kama ni, har wani Bafilifine da ke kusa da ni ya matsa. Na tuna Sale bai zauna da Tica ba sai 'yan watanni, bai taɓa jin laccar kura uku ba, ban jin ya san Amurka na da majalisa biyu. Amma maganar da ya faɗa mini a wajen motoci maganar Tica ce, har da yadda ya karkata kai. Mutumin kirkin da ya ji daɗin kujera, wanda aka rubuta layin dominsa shekara goma sha shida da suka wuce, ashe ni ne. Bazazzagin ya gan ni tun daga nesa.

Aka yi zaɓe, Ilu ya ci. Ilun nan dai da ya taɓa ɗaga ƙashi yana duba shi ta taga, ya fita da niyyar ba zai dawo ba. Badamagare, daga mutanen da ba su kai goma ba a cikinmu, Kanawa suka cika masa kwano da ƙwallon dabino.

Akwai wani layi a shafin ƙarshe na littafin wanda na manta da shi, sai da babban alƙali ya karanto ranar miƙa wuƙa. Tica ya rubuta cewa a ranar da shugaba ya sauka, shi zai fara ɗaukar nama. Ya taɓa ce mini in kana son mutum ya sauko daga bishiya da ƙafarsa, ka ajiye masa wani abu a gindinta. Na miƙa wa Ilu wuƙa a gaban kowa. Ya naɗe hannun riga ya yanka. Aka ce Tanko bismilla.

Shekara takwas ina ɗaukar abin da aka rage. Na ce yau ranar ramuwa ce, sai na ɗauki tsokar da za a riƙa ba jikoki labarinta. Na durƙusa na duba wannan gefe, na zagaya na duba wancan. Na sa tabarau. Na zagaya tiren nan sau uku kamar mai neman allura.

"Bakano, ɗauki mana," in ji Ilu, "shinkafa na hucewa."

Babu babba. Na rantse da wanda ya halicci rago, duk girmansu ɗaya. Na ɗauki na gabana na koma cikin sahu, tsakanin Sale da wani ɗalibi Basakkwace, aka matsa mini wuri ba tare da kowa ya miƙe ba, kuma ban mutu ba. Sale ya turo mini yaji bai dube ni ba. Na karɓa.

Tica bai bar gida a Zariya da za a nuna ba, bai rubuta littafin da za a sayar ba, kabarinsa kuwa kamar na kowa a ƙasar nan, ba suna ba alama, ni kaina in na je sai na yi kirdado. Abin da ya bari shi ne mutum sittin da ba su haɗa gari ba, wasu ba su haɗa ƙasa ba, suna zama kan tabarma ɗaya shekara goma sha shida, sun yi gardama sau dubu, ba wanda ya sake wanke hannu ya fita. Ya bar yaran da aka haifa a nan, waɗanda in aka ba su lemo ɗaya su raba, za ka ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa da Larabci, kai ka yanka ni in zaɓa, ba su san daga inda abin ya fito ba.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka masa, ya yafe masa dogayen laccocinsa kamar yadda muka yafe. Ƙarar da na zo da ita na janye. Bazazzagi, ka ci wannan karon. Juma'ar nan ranar dambu ce, kuma yanzu da ba wuƙa a hannuna, zan riga kowa zama.